RA'AYINMU: Kati na iya dawo da kuɗi, amma ba ya dawo da rai

Kwanakin baya wani ɗan kasuwa da muka sani, wanda yake kai da komo tsakanin kasuwanninmu na kan iyaka, ya same mu a tashar rediyo da wata tambaya wadda ya roƙi kada a yi ta a iska, kada kuma a ambaci sunansa. Ya ce wani mutum da suka haɗu ta wayar salula, wanda ya ce shi wakilin wani kamfanin magunguna ne a ƙasar waje, ya aiko masa da hotunan katan-katan na ƙwayoyi a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Ya biya kafin alƙalami da katinsa na banki, ciko kuma ya tura ta asusu kamar yadda mutumin ya nema. Yau wata uku ke nan ba kaya ba labari, lambar wayar ma ta daina shiga. To, sai ƙanensa da ke zaune a Turai ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, domin duk abin da aka biya da kati banki na iya ƙwato shi. Tambayarsa ita ce, shin gaskiya ne, kuma wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Da muka tambaye shi wane irin magani ne, kuma ko yana da izinin shigo da magani, sai ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Wannan shirun nasa ne ya sa muka ga ya dace mu kawo maganar a wannan shafi, domin mun tabbata ba shi kaɗai ba ne. Tun daga ƙarancin takardun naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, wanda ya girgiza kasuwanni irin su Jibiya, Illela, Maigatari, Konni da Ɗan Isa, 'yan kasuwa da dama da a da ba su yarda da komai ba sai tsabar kuɗi a hannu sun koma ga kati, da tura kuɗi ta waya, da na'urar karɓar kati wadda a Nijeriya ake ce wa POS. Fataucin da a da sai an hau jirgi zuwa Dubai ko Indiya ko Sin, yanzu wasu a zaune a rumfa suke ƙulla shi. Sauƙi ne ya samu, babu musu. Amma tare da sauƙin wani zato ya shigo, cewa kati garkuwa ne daga kowace irin asara. Wannan zato yana bukatar gyara, musamman inda ya shafi magani.

Da farko dai ƙanen nan nasa bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi maganar duka ba. Kati iri biyu ne. Akwai katin cire kuɗi, wanda shi ne yawancinmu muke riƙe da shi, wanda da zarar ka biya sai a zare kuɗin daga cikin ajiyarka nan take. Akwai kuma katin bashi, wanda banki ne yake biya a madadinka, kai kuma ka biya banki daga baya, sau da yawa da kuɗin ruwa idan ka yi jinkiri. Kariyar da ake ta labari a kanta, galibinta an gina ta ne a kan katin bashi, kuma a ƙasashen da ya zama ruwan dare.

A Amurka, a shekarar 1974 aka kafa dokar da ta ba mai katin bashi haƙƙin ƙin amincewa da abin da aka rubuta masa a takardar lissafi. Idan an caje shi kuɗin kayan da ba su iso ba, ko an caje shi sau biyu, ko an rubuta adadin da ba shi ba ne, yana da kwana 60 daga ranar da aka aiko masa da lissafin ya rubuta wa banki ƙorafi. Wajibi ne banki ya amsa cewa ya karɓa cikin kwana 30, ya kuma kammala bincike kafin kwana 90 su wuce, kuma kafin a gama ba a tilasta masa biyan kuɗin da ake jayayya a kai. Idan ɓarawo ne ya yi amfani da katin, abin da doka ta ɗora wa mai shi bai wuce dala 50 ba. Amma idan ƙorafin a kan ingancin kaya ne, sai dokar ta gindaya sharuɗɗa: kuɗin ya haura dala 50, mai saye ya riga ya nemi sulhu da mai sayarwa, kuma an yi cinikin a cikin jiharsa ko a wurin da bai fi mil 100 daga gidansa ba.

A Ingila ma a wannan shekara ta 1974 aka yi dokar bashi, wadda sashe na 75 a cikinta ya ce idan ka sayi abin da kuɗinsa ya haura fam 100 bai kuma wuce fam 30,000 ba da katin bashi, aka cuce ka, to bankin da ya ba ka katin yana da alhaki daidai da na mai sayarwar. A 2007 kotun ƙolin ƙasar ta wancan lokaci ta yanke cewa wannan ya haɗa har da sayayyar da aka yi a ƙasashen waje. Ban da waɗannan dokoki na ƙasa, manyan kamfanonin kati, wato Visa da Mastercard, suna da ƙa'idojinsu na juyar da kuɗi waɗanda suka shafi katin bashi da katin cire kuɗi baki ɗaya a duk inda ake aiki da su, yawanci cikin kwana 120. Mai kati ya kai kuka ga bankinsa, bankinsa ya janyo kuɗin daga bankin mai sayarwa, mai sayarwa kuma ya kawo hujja idan yana da ita. Wannan kaɗai ne ɓangaren da ya taɓa ɗan kasuwarmu, kuma ƙa'idar kamfani ce mai cike da sharuɗɗa.

To ina magani ya shigo a wannan labari? Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka samu dubban kantunan magani na bogi a intanet, masu sayar wa Amurkawa da Turawa magungunan da doka ta ce sai da takardar likita, ba tare da takardar ba. A watan Fabrairun 2001 wani saurayi ɗan shekara 18 a jihar Kalifoniya, Ryan Haight, ya mutu bayan ya sha ƙwayoyin kashe raɗaɗi masu sa maye da ya saya ta intanet, bisa takardar wani likita da bai taɓa ganinsa ba. A 2008 aka kafa doka da sunansa, wadda ta wajabta likita ya ga majinyaci ido da ido kafin ya rubuta masa irin waɗannan magunguna ta intanet. A Kanada kuma, a 2006, wata mata ta mutu bayan shan ƙwayoyin da ta saya ta wannan hanya, binciken gawa ya nuna gubar ƙarfe da ke cikin jabun ƙwayoyin ce ta kashe ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa fiye da rabin magungunan da ake saya daga shafunan da ke ɓoye adireshinsu jabu ne.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, masu binciken da suka bi diddigin waɗannan kantuna sun tarar da yawansu suna aiko da kaya, kuma idan mai saye ya yi kuka sukan gaggauta mayar masa da kuɗinsa. Dalilinsu kuwa tsoro ne. Idan ƙorafin juyar da kuɗi ya kai kamar ɗaya cikin ɗari na cinikin mai sayarwa, kamfanonin kati sukan sa masa ido, su ci bankinsa tara, a ƙarshe a rufe masa asusu. Saboda haka gara su mayar da kuɗin mutum ɗaya da su rasa hanyar karɓar kuɗin dubbai. A nan ne ya kamata kowa ya tsaya ya yi tunani. Banki yana iya tambaya ko ƙunshi ya iso, ko an caji adadin da ya dace. Amma banki ba shi da ɗakin gwaji, bai san ko alli ne a cikin ƙwayar ko guba ba. Wanda ya sha jabun magani ya kwanta dama, magadansa na iya karɓar kuɗin ƙwayar cif-cif, shi kuwa ya tafi ke nan.

Duk da haka, ta hanyar kuɗin ne aka fi cin galaba a kan waɗannan mutane. A 2011 wasu masana kwamfuta, akasarinsu daga jami'ar Kalifoniya, suka yi ta gwada sayayya daga masu tallan magunguna da jabun agogo da makamantansu ta saƙonnin intanet, domin su ga inda kuɗin ke sauka. Sai suka gano cewa kashi 95 cikin 100 na irin wannan ciniki ta bankuna uku kacal yake bi, ɗaya daga ciki a Azarbaijan, wani kuma a wani ƙaramin tsibiri na yankin Karibiyan. Rufe shafin intanet ba ya hana su komai, gobe su buɗe wani da 'yan kuɗi kaɗan. Amma samun sabon banki da zai yarda ya karɓar musu kuɗi abu ne mai wuya da tsada. Da kamfanonin kati suka matsa wa bankunan lamba, sai kasuwar ta shiga halin ni-'yasu.

Ba bankuna kaɗai aka matsa wa ba. A watan Agustan 2011 kamfanin Google ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 500 saboda karɓar tallan kantunan maganin da ke shigar da ƙwayoyi ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. A 2013 kamfanin aika kaya na UPS ya biya dala miliyan 40 saboda yi wa irin waɗannan kantuna dako. Tun 2008 kuma hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol take shirya samamen da ake kira Pangea, inda ƙasashe da yawa ke haɗa hannu suna kama ƙunshin magunguna suna rufe shafuna. Manufar dai ɗaya ce: mai talla, mai dako da mai karɓar kuɗi duk suna da hannu a cinikin, ba wanda zai ce shi ɗan kallo ne. Sakamakon haka, da yawa daga cikin masu wannan sana'a suka guji kati, suka koma neman a tura musu kuɗi kai tsaye ta asusu, ko ta kamfanonin aika kuɗi, ko ta kuɗin intanet irin su Bitcoin, wato hanyoyin da idan kuɗi ya tafi da wuya ya juyo.

Da wannan bayani za mu iya ba ɗan kasuwarmu amsa, ko da yake ba mai daɗin ji ba ce. Na farko, cikon da ya tura ta asusu da hannunsa, da yardarsa, ba ya cikin ƙa'idar juyar da kuɗi ta kamfanonin kati. Sai dai ya kai ƙara a matsayin damfara, kuma kafin a motsa galibi an kwashe kuɗin. Ba banza ba mutumin ya karɓi ɗan kaɗan da kati domin ya kwantar masa da hankali, sannan ya nemi babban kason ta wata hanya. Na biyu, ko abin da ya biya da kati, banki zai nemi takardar ciniki, da bayanin kayan, da ranar da aka yi alkawarin isowarsu, da shaidar cewa ya nemi mai sayarwa. Mutumin da ya yi odar ƙwayoyin da doka ta hana shi shigowa da su, zai rubuta haka da hannunsa ya sa hannu ya miƙa wa banki? Takardar da yake fatan ta ƙwato masa kuɗi ita ce za ta zama shaida a kansa. Na uku, a ƙa'idar Visa, idan jami'an duwan na ƙasar mai saye ne suka riƙe kaya, ba a ɗaukar hakan a matsayin laifin mai sayarwa na rashin aiko da kaya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma a ko'ina cikin duniya kotu ba ta tsaya wa mutum ya ci ribar yarjejeniyar da tun asali ta saɓa wa doka.

Mun gaya masa, kuma muna maimaitawa a nan, cewa a cikin wannan asara tasa akwai rufin asiri. Da kayan sun iso fa? Da yanzu suna kan tebur a kasuwar ƙauye, ko a cikin kwalin mai talla a tasha, rana na dukansu. Mu a wannan yanki ba sai an ba mu labarin Kalifoniya ba kafin mu san ɓarnar jabun magani. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa mutane fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, wadda ta shigo a matsayin gudummawa daga masu zaton ingantacciya ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutane 2,500 da wannan. A 2015 hukumar ta sake yin gargaɗi a kan jabun rigakafin sanƙarau da aka gano a Nijar. A Nijeriya, tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, yara 84 suka mutu saboda maganin haƙori na My Pikin da ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda. A Gambiya, a 2022, yara kimanin 70 suka rasu bayan shan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane magani goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko kuma bai kai inganci ba. A 2023 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar da rahoto a kan yankin Sahel, inda ya ce mutanen da ke mutuwa kowace shekara a Afirka kudu da Sahara saboda jabun maganin zazzaɓin cizon sauro na iya kai wa 267,000, kuma tsakanin 2017 da 2021 an kama fiye da tan 605 na irin waɗannan kayayyaki a Afirka ta Yamma. Ga kuma tiramol, wanda a asibiti ake ba da shi miligiram 50 ko 100 bisa umarnin likita, amma a kasuwa ake sayar wa matasanmu mai 225 ko 250. Da Indiya ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018, sai masu safara suka ɓullo da wasu haɗe-haɗe, kamar wanda binciken BBC ya bankaɗo a watan Fabrairun 2025, abin da ya sa hukumomin Indiya suka haramta shi.

Yanzu a dubi bambancin. Ba'amurken da ya sayi ƙwaya da katin bashi yana da banki a bayansa, da doka, da lauya. Uwar da ta kwance bakin zanenta ta ciro dala ashirin ta sayi maganin zazzaɓi a ranar kasuwa ba ta da rasit, ba ta da kwana 60, ba ta da ofishin da za ta rubuta wa ƙorafi. Mai tallan da ya sayar mata mako mai zuwa yana wata kasuwar. Idan jikin yaron ya ƙi, sai a ce kwana ne ya ƙare, ba wanda zai koma ya duba kwalin. Iyakar kariyar da take da ita ita ce amanar ɗan kasuwar da ya shigo da kayan. Shi ya sa muke cewa duk wanda ya damu da yadda zai ƙwato kuɗinsa daga wanda ya cuce shi a sama, ya fara tambayar kansa wa zai ƙwato wa na ƙasa da shi haƙƙinsa.

Akwai kuma gargaɗi na musamman ga masu na'urar karɓar kati da masu shagunan tura kuɗi, waɗanda yawancinsu matasa ne masu neman na kansu. Tsohuwar dabarar masu haramtaccen magani ce su fake da sunan wani. A ƙasashen waje sukan yi rajista a matsayin masu sayar da tufafi ko kayan kyauta, su riƙa wuce da kuɗin ƙwaya ta nan. A wurinmu sukan zo wa mai shago ne su ce a ba su lambar asusu wani zai turo kuɗi, za a ba shi lada. Ladar ba ta taka kara ta karya ba, amma ranar da bincike ya tashi, sunan da ke jikin asusun shi za a fara nema. Ana iya rufe asusun da jarin da ke ciki, a karɓe na'urar, a kuma kira mai ita ya yi bayanin kuɗin da bai san asalinsu ba. Kamfanin Mastercard yana da kundin sunayen 'yan kasuwar da aka rufe wa asusu saboda saɓa ƙa'ida, sunan mutum kan kai shekara biyar a ciki, bankuna kuma suna dubawa kafin su karɓi sabon ɗan kasuwa. Tsabar kuɗi ba ta barin sawu, amma kati da waya suna bari, kuma sawun ba ya goguwa.

Ba mu manta da ɗaya ɓangaren ba. Mun san abin da ke kai jama'a ga mai tebur: farmasi ta yi nisa, maganinta ya yi tsada, a wasu ƙauyuka ma babu ita sam, shi kuwa mai talla yana sayar da ƙwaya ɗaya-ɗaya har ya ba da bashi. Mun kuma san cewa da yawa daga masu wannan sana'a gadonta suka yi, ba su taɓa nufin cutar da kowa ba, kuma su kansu ba su iya bambance na gaske da jabu, domin masu buga kwalayen sun ƙware. Amma wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa magani ya bambanta da atamfa ko takalmi. Atamfa idan ta zuba mai ita ya gani ya dawo da ita. Magani kuwa sai ya shiga ciki ake sanin halinsa.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa da su kiyaye abubuwa kaɗan. Wanda ba shi da izinin harkar magani ya bar ta ga masu ita, kasuwa da faɗi. Wanda yake da izini ya sayi kayansa daga dillalan da hukuma ta sani, kamar ONPPC a Nijar da sauran manyan dillalai masu lasisi, ya karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar rukunin kaya da ranar lalacewa, ya adana ta. A kayan Nijeriya a duba lambar NAFDAC, a kuma kankare wurin da aka rufe a jikin kwalin maganin zazzaɓi a aika lambar ta waya, tsarin da aka fara tun 2010, ko da yake lamba a jikin kwali ita kaɗai ba ta isa hujja ba. A duk cinikin nesa, ko na magani ko na wani abu, idan mai sayarwa ya ƙi ba da adireshi, ya ƙi karɓar kuɗi da sunan kamfani, ya ce a tura asusun wani mutum dabam, ko ya karya farashi fiye da hankali, to ya riga ya faɗi ko shi wane ne. Araha ba ta ado. Wanda kuma aka cuta a halastaccen ciniki, kada ya zauna jiran alkawarin gobe ko jibi har wa'adi ya wuce, ya garzaya bankinsa da takardunsa tun da wuri.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa da su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. Sun san wanda ke sauke kaya da tsakar dare, sun san shagon da gabansa sabulu ne bayansa ƙwaya. Abin da ya faru a kasuwar Dantokpa ta Kwatano a 2017, da rufe shagunan magani na Sabon Garin Kano a watan Fabrairun 2024 domin mayar da su cibiyar Dangwauro, da rufe kasuwannin magani na Anaca da Aba da Idumota a Legas a farkon 2025, duk sun nuna cewa idan hukuma ta tashi ba ta tsayawa tantance mai gaskiya a ranar farko, kowa ne ke kwana a rufe. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga bankuna da kamfanonin tura kuɗi, muna cewa bai isa a miƙa wa mutum kati da takarda cikin Faransanci ko Turanci a ce ya sa hannu ba. A yi wa jama'a bayani da Hausa, a rediyo da bakin kanta, a kan abin da kati ke karewa da abin da ba ya karewa, da kwanakin da mutum yake da su, da inda zai kai kuka idan reshe bai saurare shi ba. Su kuma san waɗanda suke ba na'ura da irin cinikin da ke bi ta cikinta, kamar yadda aka tilasta wa takwarorinsu na waje.

Ga hukumomi kuma, Nijar tana cikin ƙasashen da suka shiga yunƙurin birnin Lome na watan Janairun 2020, inda aka yi alkawarin tsananta hukunci a kan masu safarar jabun magani. Muna son a ga alkawarin a aikace, kuma a kan manya. Ƙona kwalayen mai talla a gaban kyamara ba ya rage komai muddin mai kwantena yana barci a gidansa. Darasin da binciken 2011 ya koyar shi ne a bi sawun kuɗi, domin masu talla dubbai ne amma hanyoyin da manyan kuɗin ke bi 'yan kaɗan ne. Jami'an duwan, da jandarma, da masu kula da bankuna, da hukumomin magani na ɓangarorin iyaka biyu su riƙa musayar bayani. Sannan a kusanto da magani mai inganci da sauƙin kuɗi zuwa ƙauyuka, domin muddin babu shi, mai tebur ba zai rasa ciniki ba.

Shi dai ɗan kasuwarmu ya tashi daga wurinmu bai sami ƙofar da ya zo nema ba. Mun shawarce shi ya nemi lauya ya faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, ya kuma ja kunnen abokan sana'arsa kada mutumin ya sake samun wani. Kuɗin da ya rasa, in da rai da lafiya, zai mayar da su a wata harkar. Fatanmu shi ne sauran masu niyyar bin wannan hanya su tsaya tun kafin su danna lambar kati, su tuna cewa ƙwayar da za su shigo da ita ba su san bakin da za ta faɗa ba, kuma 'ya'yansu ma a wannan kasuwa ake saya musu magani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.